Ruwan gwaiba ko ruwan zoɓo: zaɓen jan fentin cikin ɗaki a Zariya

A kan katin kaloli na shagon fenti, tazarar da ke tsakanin waɗannan kaloli biyu ba ta wuce faɗin yatsa ba. Dukansu ja ne da aka sassauta da fari har ya doshi ruwan hoda, bai dai ƙarasa ba. Mai shago a Sabon Gari ko Tudun Wada zai ɗaga katin ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, ɗauki wanda ya kwanta maka." A kan kati yana da gaskiya. Amma a jikin bango huɗu, bayan magariba da an kunna ƙwai, ɗaya zai ba ka ɗaki mai ɗumi kamar an shafa masa jar ƙasa mai tsabta, ɗayan kuma ya karkata zuwa shunayya har maigida ya fara tambaya ko wannan ne fentin da ya biya kuɗinsa.

Kowane kamfani da sunan da yake raɗa wa kalolinsa, saboda haka sunan da ke jikin galan ba zai taimaka ba. Bari mu ba su namu. Na farko mu kira shi ruwan gwaiba, domin ya yi kama da cikin jar gwaiba idan an raba ta biyu: ja mai ɗan ɗorawa da ƙasa-ƙasa a ƙarƙashinsa. Na biyu ruwan zoɓo, irin zoɓon da aka tsarma wa ruwa aka ɗaga kofin a rana: ja mai ɗan shuɗi a ƙarƙashi. Duk rigimar tana cikin wannan kalar ta ƙarƙashi, wadda ido ba ya kamawa a ɗan guntun kati.

Akwai hanya mai sauƙi ta tono ta tun a shago. A ɗebi cokali ɗaya na fentin, a zuba shi cikin cokali goma na farin fentin ruwa, a juya sosai, a shafa a farar takarda. A yi wa ɗayan haka. Farin zai janye jan ya bar abin da ke ɓoye: ruwan gwaiba zai fito kamar fatar lemo da ta koɗe, ruwan zoɓo zai fito da ɗan shunayya mai sanyi. In duka biyun sun fito iri ɗaya, to bambancinsu a duhu da haske ne kawai, sai a ɗauki wanda ya fi haske idan ɗakin ƙarami ne.

Wannan bambanci ya samo asali ne daga garin launin da aka haɗa su da shi. Jan da ya karkata ƙasa-ƙasa, galibi da sinadarin tsatsar ƙarfe ake yin sa, wato abin nan da ya sa ƙasar Zazzau da marmararta suke ja. Garinsa yana da araha, yana rufe bango, rana ba ta cin sa da wuri, kuma kaifin sabon siminti ba ya ƙona shi. Jan da ya karkata shuɗi, mai tsabta irin na zoɓo, galibi ba ya samuwa daga tsatsar ƙarfe, sai an sa launin da ake haɗawa a masana'anta. A cikin irin waɗannan akwai masu ƙarko ƙwarai, sai dai suna da tsada, kuma fenti mai araha ba ya ɗaukar su. Abin da ake zubawa a mai araha shi ne wanda ke koɗewa. Ma'anar wannan ga mai saye a fili take: idan aljihu bai kai na babban kamfani ba, ruwan gwaiba mai araha zai fi ruwan zoɓo mai araha daɗewa da kyansa nesa ba kusa ba. Ruwan zoɓo kala ce da ba ta yafe rowa. A lura dai, idan ruwan gwaibar mai kaifi ne sosai, yana walƙiya kamar alawar yara, shi ma da launin masana'anta aka tayar da shi, kuma hukuncinsa ɗaya da na zoɓon.

Wajen rufe bango ma ba su zo ɗaya ba. Abin da ke sa fenti ya rufe shi ne farin garin da ke cikinsa, kuma gwargwadon yadda kala ta yi zurfi, gwargwadon yadda ake rage farin domin jan ya fito. Ruwan gwaiba kan rufe a shafi biyu idan an share masa fage da kyau. Ruwan zoɓo a yi masa lissafin uku tun farko. Wanda ya tsaya a biyu zai ga sawun rola da dabbare-dabbare, musamman a kusurwa da gefen silin inda buroshi ya bi. Maganin wannan yana wajen fentin share fage, wanda masu sana'ar ke kira firaima. Maimakon fari fat, a sa masa ɗan baƙi kaɗan ya koma ruwan toka mai haske, ko a zuba masa kofi ɗaya ko biyu na kalar da za a shafa. Fari fat yana hasko kansa ta cikin ja mai rauni, toka kuwa tana kwantar da shi.

Sai maganar haske, wadda ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta, domin a nan ne shawarwarin da ake karantowa a intanet ke ɓatar da mutane. Yawancinsu an rubuta su ne don Ingila da Amurka, inda rana ke bi ta kudu duk shekara, tagar arewa ba ta cika ganin ta ba. Zariya tana kusan digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana tana ɗan ratsawa ta arewa da mu, sauran watannin ta koma kudu, kuma da tsakar rana kusan kullum tana sama ne, ba ta shigowa taga sosai. Don haka a nan abin tambaya shi ne gabas ko yamma. Wanda bai tabbatar da fuskar ɗakinsa ba ya tuna alƙiblarmu gabas ce da ɗan karkata arewa, daga nan sai ya gane sauran.

Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma yana shan ranar la'asar, mai ja-ja da zafi. Wannan haske yana ƙara wa ruwan gwaiba wuta, har bangon ya koma ruwan goro daga wajen ƙarfe huɗu zuwa faɗuwar rana. A watan Maris da Afrilu, lokacin da gari ya ɗau zafi, ido kan ji kamar ɗakin ya ƙara zafi, duk da cewa kalar bangon ciki ba ta ƙara ko rage zafin ɗaki da wani abin a zo a gani. Ruwan zoɓo a irin wannan ɗaki yakan yi kyau ƙwarai da yamma, domin hasken yana cinye shuɗin ya bar ja mai daɗi. Matsalar ita ce wannan ranar dai ita ce ke koɗar da shi. Bangon da take dukawa kai tsaye zai yi fari-fari, kuma ranar da aka ɗaga hoto ko agogon bango za a ga tambarinsa da ainihin kalar. In za a sa zoɓo a ɗakin yamma, sai da labule mai kauri da fenti mai daraja.

Ɗakin gabas ya fi sauƙi. Rana ta shigo da hantsi ta wuce, sauran yinin haske mai laushi ne. Duka biyun suna zama lafiya, sai dai zoɓo yakan ɗan yi sanyi bayan azahar.

Abin da ke wajen tagar ma yana da hannu. A gidajen cikin Birni da Tudun Wada, inda ɗakuna ke buɗewa cikin tsakar gida ta ƙarƙashin baranda, kuma tagogi ƙanana ne, yawancin hasken da ke shiga ya fara dukan ƙasa ko katanga ne kafin ya dawo. Idan tsakar gidan jar ƙasa ce, hasken ya riga ya ɗauko ɗumi. Idan siminti ne ko intalok mai toka, hasken ya fi sanyi. A Samaru da GRA, inda mangwaro da darbejiya ke rufe taga, hasken kore-kore ne, kore kuwa yana kashe kaifin ja: gwaiba ta koma ƙasa-ƙasa, zoɓo ya koma kamar ya sha toka. A sababbin gidaje kuma akwai gilashin taga mai kala. Gilashi mai shuɗi yana tura zoɓo zuwa shunayya tun da rana tsaka, mai ruwan ƙasa kuma yana duhunta gwaiba. Wanda tagarsa shuɗin gilashi ce, mu dai shawararmu ya haƙura da zoɓo.

Amma yawancin zaman falo da dare ake yin sa, don haka ƙwan lantarki ya fi rana iko da kalar. A duba jikin ƙwan ko kwalinsa, akwai lamba mai harafin K a ƙarshe. Wanda aka rubuta 6500K shi ne farin nan mai ɗan shuɗi da ya cika kasuwa, kuma fitilun caji da yawancin ƙwayayen sola irinsa ne. Mai 2700K ko 3000K shi ne mai ruwan ɗorawa kamar na da. A ƙarƙashin ƙwai mai 6500K, ruwan gwaiba yakan wanke ya fito ruwan hoda mai tsabta, wanda sau da yawa shi ne abin da mai saye ke nema tun asali. Ruwan zoɓo kuwa shuɗi ya haɗu da shuɗi, sai ya yi duhu ya tafi shunayya, fuskokin mutanen da ke zaune ma su ɗan dusashe. A ƙarƙashin ƙwai mai 3000K labarin ya juya: zoɓo ya yi kyau kamar jar dardumar fada, gwaiba ta koma lemo. Mai 4000K yana tsakiya, ba ya cutar da kowanne, sai dai ba kowane shago ke da shi ba. Tunda a gida ɗaya akan kwana ana sauyawa tsakanin wutar gari, sola da fitilar caji, a tambayi kai wanne ne aka fi zama a ƙarƙashinsa. Idan farin ƙwai ne, kuma ba a da niyyar canza shi, rabin hukuncin ya riga ya karkata ga zaɓen gwaiba.

Wasu katunan kala suna ɗauke da wata lamba da aka rubuta LRV, daga 0 zuwa 100, mai nuna yawan hasken da kalar ke mayarwa. Idan akwai ta a duba. Ga ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, duk kalar da ta sauka ƙasa da 30 za ta sa a riƙa kunna wuta da rana.

Bayan haske sai abin da ba za a iya cirewa daga ɗakin ba: tayil, ƙyaure, silin, da kujerun da aka riga aka saya. Tayil mai ruwan madara ko ruwan ƙasa, ƙofar katako, gado da sif masu kalar itace, labule mai ruwan gwal, duk dangin gwaiba ne, suna zama tare ba faɗa. A ɗora zoɓo a kan tayil mai ruwan madara, sai tayil ɗin ya fito kamar ya yi datti, ko da yanzu aka goge shi. Zoɓo yana son fari tas, toka, baƙi, azurfa da shuɗi mai duhu. Tayil mai toka da farin silin na fiyofi (POP) da kujeru masu toka, a nan zoɓo ya fi gwaiba kyau ba tare da gardama ba, gwaiba a kan toka mai sanyi takan yi kamar baƙuwa. Farin silin ma iri biyu ne: a ba gwaiba fari mai ɗan madara, a ba zoɓo fari tsantsa. Kuma a sani silin zai ɗauki ɗan ja daga bangon ko da ba a taɓa shi ba, domin bango huɗu suna jefa wa juna kala. Wannan ne ya sa kowace daga cikin biyun ke fitowa da ƙarfi a ɗaki fiye da yadda take a kati. Wanda ke shakka tsakanin mataki biyu na kala ɗaya ya ɗauki mai hasken.

A ɗakin amarya wannan batu yakan zo a hargitse, domin dangin ango ne ke fenti, dangin amarya ke kawo kayan ɗaki, kuma sau da yawa ba a haɗu ba sai ranar jere. Gara a aika tun da wuri a ce, "Hajiya, a taimaka mana da ƙyallen labule da kalar kujeru," a riƙe ƙyallen a hannu a je shago da shi. Hoton waya ba ya wadatarwa, domin kyamara tana gyara kala da kanta, kuma kowace waya da yadda fuskarta ke nuna ja.

Ƙura ita ce jarrabawar da kowane bango a Zariya zai zauna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙura mai laushi, fara-fara, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, ga kuma jar ƙurar unguwa a duk inda kwalta ba ta kai ba. A jikin gwaiba jar ƙura tana sajewa, sai an matso ake ganin ta. A jikin zoɓo tana fitowa kamar tsatsa, musamman a saman sawun buroshi, gefen taga da bayan labule. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro shi ma yana barin ɗorawa-ɗorawa a saman bango da kusurwar da ake ajiye kasko. Ɗorawa a kan gwaiba ƙarin ɗumi ce kawai, a kan zoɓo kuwa datti ne. Uwargidan da ba ta rabuwa da turare ta sa wannan a lissafi. Haka inda ake zama a ƙasa a jingina, man kai yana barin tabo a daidai tsayin kafaɗa, kuma a nan kalar ba ta ceto, sai irin fentin.

Fentin ruwa marar sheƙi yana ɓoye tudu da kwarin filasta, yana kuma sa jan ya kwanta, amma in aka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma yakan bar wuri mai ƙyalli, kuma mai araha har kalar yake biyo tsumman. Satin, wato fenti mai ɗan sheƙi, yana wankuwa, shi ya dace da falo, ɗakin yara da hanyar wucewa, sai dai yana tona duk aibin bango, kuma yana ƙara wa kala kaifi. Zoɓo a satin a kan bangon da ba a yi wa sikiridin (shafen da ke sa bango ya yi santsi) ba abu ne da ba mu ba kowa shawara: kowane ƙulli zai fito. Fentin mai a bar shi ga ƙofa da ƙarfen taga. A ginin ƙasa da aka yi wa filastar siminti, irin na tsofaffin gidajen Birni, a tsaya a marar sheƙi, domin bangon yana buƙatar fitar da laimarsa, fenti mai toshewa kuwa kumbura zai yi ya ɓamɓare.

Laima da sabon siminti su ne ke kashe jan fenti tun bai shekara ba. Sabuwar filasta tana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin a shafa mata kala, da damina ma fiye. Kafin nan tana da kaifi irin na kanwa, wanda ke ƙona launin masana'anta ya bar fari-fari ko ɗorawa a wurare. Zoɓo ne ke fara faɗuwa, gwaiba mai tsatsar ƙarfe ta fi jurewa, ko da yake ita ma fatar fentin tana iya lalacewa. In gini sabo ne a nemi firaima mai jure kaifin siminti, an rubuta a jikinsa. Ga gwajin laima: a yanko leda mai faɗin kamar rabin mita, a manna ta a ƙasan bango da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana ɗaya. In an ɗaga an ga gumi a cikinta ko wurin ya yi duhu, bangon bai shirya ba. Inda ƙasan bango ke fitar da farin gishiri duk watan Agusta, ruwa ne ke hawowa daga tushe ko yake shigowa daga waje, kuma babu kalar da za ta rufe shi. A kankare gishirin a bushe da buroshi mai tauri, kar a wanke da ruwa, a gyara magudanar da ke bayan ɗakin, in ya ƙi a ɗaga tayil a ƙasan bangon. Farin gishiri ya fi muni a jikin zoɓo saboda duhunsa.

In tsohon fenti ne a bangon, a shafa tafin hannu. Ya fito da gari kamar alli, sai an wanke an sa firaima, in ba haka ba sabon zai kama garin ne ya bar bangon. A goga auduga mai sifirit a wani lungu: kala ta biyo, fentin ruwa ne, ba ta biyo ba, na mai ne, kuma fentin ruwa ba ya kama na mai sai an kashe sheƙinsa da sanfefa an sa firaimar da ta dace. Tsohon fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, yana iya ƙunsar dalma, wadda guba ce ga yara. A jiƙa shi kafin a goge don kada ya yi ƙura, a fitar da yara da masu juna biyu, a share da jiƙaƙƙen tsumma.

Duk wannan bayani ba zai maye gurbin gwaji a cikin ɗakin kansa ba. A sayi mafi ƙanƙantar gwangwani na kowace kala. A samu kwali mai kauri ko falanki biyu, kowanne kamar santimita 60 a kowane gefe, a shafa musu firaimar da za a yi amfani da ita, sannan kala shafi biyu, a bar ta bushe har washegari, domin fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe. Kar a jera su kafaɗa da kafaɗa. In suna manne, kowanne yana tura ɗan'uwansa: gwaiba ta ƙara zama lemo, zoɓo ya ƙara zama shunayya, alhali a ɗaki ɗaya ne kawai zai zauna. A jingina ɗaya a bangon da ke fuskantar taga, a duba, a ɗauke, a kawo ɗayan. A sauke shi ƙasa ya taɓa tayil, a kai shi bayan kujera, a kai shi jikin labule. A duba da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, da bayan isha'i a wutar gari, sannan a kashe a kunna fitilar caji. Kwana biyu sun isa. In ana cikin hazo a tuna hasken ya fi fari da laushi, kalar za ta fi haka kaifi da an shiga bazara.

Da an tsayar da kala sai lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato mita 3.6 kowane gefe, da tsayin mita 3, bangonsa murabba'in mita 43 ne. A cire ƙofa ɗaya da taga biyu, saura kamar 38. Fenti mai kyau a kan bango mai santsi yana cin kamar murabba'in mita 10 a lita ɗaya, saboda haka shafi ɗaya lita 4 ne, galan guda. Gwaiba galan biyu, zoɓo galan uku, ban da galan ɗaya na firaima. In filastar mai kaushi ce ko fentin mai araha ne, a sauko da lissafin zuwa mita 7 ko 8 a lita, a ƙara galan. Falo mai mita 4.5 da 6 yana ba da kamar murabba'in mita 55 bayan an cire ƙofofi da tagogi: lita 11 ga shafi biyu, kusan 17 ga shafi uku, wato bokiti mai lita 20 zai ishi zoɓo har a samu ragowa.

A sayi duka a lokaci ɗaya. Manyan kamfanoni irin su Dulux da Berger suna haɗa kala da na'ura bisa lamba, don haka ana iya komawa a samu kusan irinta. Haɗin hannu, inda mai fenti ke ɗiga ja da ɗorawa ko shuɗi cikin farin bokiti yana juyawa da sanda, ba ya maimaituwa, kuma a irin waɗannan kaloli ɗigo kaɗan ne ke mayar da gwaiba zoɓo. In haɗin hannu za a yi, a haɗa abin da zai ishi ɗakin duka har da rara a zama ɗaya. Ko na na'ura ne, a juye galan-galan ɗin cikin babban bokiti guda a gauraya kafin a fara, don kada bangon gabas ya bambanta da na kudu.

Wajen shafawa, ruwa ne babban abin da ake cuta da shi. A bi abin da aka rubuta a jikin bokiti, wanda galibi bai wuce kashi ɗaya na ruwa cikin goma na fenti ba. In aka tsinka shi don ya yaɗu, jan zai fito da ratsi-ratsi kuma ya riƙa bin hannu. Maigida ya tsaya a wurin lokacin da ake zuba ruwan, ya ce, "Malam, a auna min da kofi," babu laifi a cikin haka. A yanke gefen silin da kusurwa da buroshi a bi da rola nan take tun gefen bai bushe ba, a gama bango ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa kafin a huta. Da hunturu fenti na bushewa da sauri har rola ta biyu ta hau kan busasshe ta bar layi, don haka a rufe tagogin da iska ke bugowa, a kashe fanka, a yi aikin da safe. Da damina a ƙara jira: awa biyu zuwa huɗu da ake bari tsakanin shafi da shafi ba sa isa in an wuni ana ruwa. Kar a wanke bango sai ya yi mako uku zuwa huɗu. Masu biki su gama fenti aƙalla mako biyu kafin jere, masu shirin Sallah su fara tun kafin azumi ya yi nisa, domin sif da gadon da aka manna wa ɗanyen satin sukan tashi da fatar fentin.

In aka ce lallai mu zaɓa wa wanda ba mu ga ɗakinsa ba, gwaiba za mu ce, mai ɗan dusashewa, domin yawancin gidajenmu farin ƙwai ne, tayil mai ruwan madara, ƙura da turare. Zoɓo na wanda ke da tayil fari ko toka ne, busasshen bango mai sikiridin, ƙwai mai 3000K, da kuɗin fenti mai daraja shafi uku. Ya fi dacewa da ɗakin kwana fiye da falo. Wanda ransa ya kafe a kan zoɓo amma ɗakinsa bai cika waɗannan ba, ya shafa shi a bango ɗaya, wanda rana ba ta duka, kamar na bayan gado, sauran ukun ya ba su fari tsantsa ko toka mai haske sosai. Abin da ba ya yiwuwa shi ne haɗa su biyun a ɗaki ɗaya, ko a falo da ɗakin cin abinci da babu ƙofa tsakaninsu, domin ido zai ɗauka fenti ne ya ƙare aka ciko da wani.

Ragowar a juye ta cikin ƙaramar roba mai murfi yadda iska ba za ta yi yawa a ciki ba, a rubuta sunan kamfani, lambar kala, irin sheƙin da sunan ɗakin a jiki, a ajiye a inuwa nesa da kicin. In za a taɓa wani tabo daga baya, a yi da ɗan guntun rola irin wadda aka yi aikin da ita. A marar sheƙi gyaran yakan ɓace, a satin kuwa, musamman zoɓo, sai an sake bangon daga kusurwa zuwa kusurwa.